Makonni shida kafin gasar kwantam: da me zan fara koya wa ɗalibaina?

Mai koyar da Python ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina koyar da rubuta manhaja a sashen kimiyyar kwamfuta na wata jami'a a nan arewa, kuma ɗalibaina goma sha biyu, 'yan aji uku da aji huɗu, sun yi rajistar shiga wata gasar hakaton ta intanet a kan kwamfutar kwantam, wadda za a yi nan da makonni shida. Ga wanda bai san irin wannan gasa ba, ana raba mahalarta ƙungiya-ƙungiya, a ba kowace ƙungiya matsala, su zauna kwana biyu ba dare ba rana har su fito da manhajar da take aiki, sannan su gabatar da ita a gaban alƙalai cikin 'yan mintuna. Yaran sun iya Python daidai gwargwado, amma in ban da mutum biyu babu wanda ya taɓa jin kalmar kiyubit kafin watan jiya, lissafin matiriks kuwa sun yi shi a aji ɗaya, sun ci jarrabawa, sun bar shi a inda suka same shi.

Lokacin da na samu shi ne zama biyu a kowane mako, kowane zama awa biyu, wato awa 24 gaba ɗaya. Yawancinsu kwamfutocin hannu ne da su masu ƙwaƙwalwar gigabayit 4 ko 8, ga tsadar data, ga ɗaukewar wuta da ba ta sallama. Ni kaina bara na soma karanta wannan fanni, saboda haka ba na tafe da wani dogon sani.

Abin da ya sa na kawo maganar nan shi ne abin da ya faru a zamanmu na farko. Na tsaya gaban allo na faɗa musu abin da ake yawan faɗa, cewa bit na kwamfutar da muka sani ko dai 0 ne ko 1, amma kiyubit yana iya zama 0 da 1 a lokaci guda, don haka kwamfutar kwantam tana gwada dukan amsoshi a tare. Sai wata ɗaliba da ke zaune a baya ta ɗaga hannu ta ce, “Malam, in dai ta riga ta gwada duka, me zai hana mu karanta duka mu zaɓi wadda muke so?” Na yi 'yan kame-kame, na ce awo yana rusa halin da kiyubit yake ciki, ta ce to ina amfanin gwajin ke nan. Gaskiya ban ba ta amsar da ta gamsar da ni ba, balle ita.

Tambayata ita ce, da wanne ya kamata in fara: da ilimin fiziks da ke ƙarƙashin abin, ko da lissafin bekta da matiriks, ko kuwa in buɗe musu Qiskit, wato manhajar Python ta rubuta shirye-shiryen kwantam, kai tsaye su koya da hannu? Kuma mene ne zan iya tsallakewa ba tare da na cuce su ba?

Tsohon malamin lissafi ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, ka gode wa Allah da ya ba ka wannan ɗaliba, domin tambayarta ita ce manhajar karatun gaba ɗaya, kuma duk wanda ya iya amsa ta da alƙalami a hannu ya fi rabin mutanen da za ku haɗu da su a gasar fahimtar abin da yake yi.

Shawarata ta farko ita ce ka ajiye fiziks. Ba don ba shi da daɗi ba, sai don awa 24 ba za su ɗauke shi ba, kuma mai rubuta manhajar kwantam ba ya bukatar warware lissafin Schrödinger, kamar yadda mai rubuta Python ba ya bukatar sanin yadda ake ƙera tiransisto. Shawara ta biyu, ka janye jumlar nan ta “tana gwada dukan amsoshi a tare”, ka faɗa musu a fili cewa ka janye ta, domin ita ce ta jefa ka cikin ramin da yarinyar ta same ka.

Abin da za ka sa a madadinta shi ne wannan. Kiyubit ɗaya lambobi biyu ne, ɗaya na 0, ɗaya na 1, kuma idan aka auna shi amsa ɗaya tak ake samu, yiwuwar kowace amsa kuwa ita ce lambarta idan aka ninka ta da kanta. Har nan bai bambanta sosai da jefa kwabo ba. Inda suka rabu shi ne, yiwuwar kwabo ba ta taɓa sauka ƙasa da sifili, amma waɗannan lambobi suna iya ɗaukar alamar ragi, saboda haka hanyoyi biyu da suka nufi amsa guda suna iya cinye juna har amsar ta ɓace. Ka sa kowane ɗalibi ya yi ƙofar Hadamard, wadda ake taƙaitawa da H, sau biyu a takarda; ƙofa dai mataki ne na lissafi da yake sauya waɗannan lambobi biyu. Idan aka fara da 0, ƙofar tana ba da 0.707 da 0.707, wato rabi da rabi idan an auna. Idan da 1 aka fara, tana ba da 0.707 da −0.707. To, sai su ɗauki sakamakon farawa da 0 su sake bi da shi ta ƙofar a karo na biyu ba tare da awo a tsakani ba: a wajen 0 za su sami 0.5 da 0.5 sun haɗu sun zama 1, a wajen 1 kuma 0.5 da −0.5 sun kashe juna sun bar sifili. Kwabon da aka jefa sau biyu ba ya komawa fuskar da ya fara da ita tabbas, amma kiyubit ya koma. Duk wata dabarar kwantam da za su gani daga baya, fasaha ce ta shirya wannan cinye juna ta yadda amsoshin banza za su soke kansu, amsar da ake nema ta tara ƙarfi kafin a auna. Amsar ɗalibarka ke nan: ba a karanta duka, ɗaya ake karantawa, aikin shi ne a sa wadda za a karanta ta zama ta gaskiya.

A ganina makonni biyu na farko na takarda da biro ne: bekta mai gida biyu, matiriks mai gida huɗu, ƙofofin X (mai juya 0 zuwa 1 da 1 zuwa 0) da Z (mai sauya alamar lambar 1) da H, sannan yadda ake haɗa kiyubit biyu su ba da lambobi huɗu, da ƙofar CNOT, mai juya kiyubit na biyu idan na farko 1 ne. Kada ka tsorata su da lambobi masu ɗauke da i, wato lambar da idan aka ninka ta da kanta take ba da −1, tun da wuri. Ƙungiyar QWorld tana da darasin masu farawa da take kira QBronze, wanda aka gina shi a kan lambobi na yau da kullum kawai, aka bar masu i sai mataki na gaba, kuma ina ganin hikima ce babba.

Daga nan sai dabarar Grover ta 1996, amma a kan kiyubit uku, ba fiye ba. Abubuwa takwas ne ake neman ɗaya a cikinsu. Zagaye ɗaya yana kai yiwuwar samun amsa kusan kashi 78 cikin 100, zagaye biyu kusan 95, amma idan aka yi na uku sai ta faɗo zuwa kusan 33. Na fi son wannan misali fiye da kowanne, saboda mai rubuta manhaja ya saba da cewa ƙarin maimaici ƙarin kusantar amsa ne, a nan kuwa zai ga ya wuce gona da iri da idonsa, kuma ba zai gane dalili ba sai ya fahimci cewa juyawa ake yi ba tarawa ba. Dabarar Shor ta 1994 kuwa, mai gano lambobin da aka ninka aka samu wata babbar lamba, wadda za ta iya karya hanyoyin ɓoye bayanai da ake amfani da su, ka ba su labarinta cikin minti goma, ka faɗa musu ita ce ta sa hukumar NIST ta Amurka ta fitar da sababbin ƙa'idojin ɓoye bayanai a watan Agustan 2024, ka wuce. Ba za su gina ta a kwana biyu ba, kuma na'urorin yau ba su kai ga amfani da ita a kan manyan lambobi ba.

Injiniyar manhaja ta amsa:

Ina gaida Baba malamin lissafi, kuma na yarda da abin da ya ce a koyar, amma da izininsa ban yarda da makonni biyu na takarda zalla ba. Waɗannan yara masu rubuta manhaja ne, kuma idan suka yi zama huɗu ba su taɓa madannai ba, rabinsu za su daina zuwa. Abin da na ga ya fi aiki shi ne a raba kowane zama biyu: awa ta farko su yi lissafin da hannu su rubuta hasashensu, awa ta biyu su gina abin su ga ko kwamfuta ta yarda da su. A ranar farko ma ba sai an girka komai ba, domin akwai Quirk, wanda Craig Gidney ya rubuta, ana buɗe shi a burauza a jawo ƙofofi da linzami a ga lambobin suna sauyawa nan take, kuma ana iya sauke kwafinsa a yi aiki da shi babu intanet.

Amma abin da ya kawo ni shi ne abin da ba a rubutawa a jadawalin darasi, wanda kuma shi ne yake kayar da ƙungiyoyi a daren farko. Na taɓa zama mai ba da shawara a irin wannan gasa, na ga ƙungiya ta ɓata wajen awa biyar ba a kan kwantam ba, a kan girka manhaja. Dalili shi ne Qiskit, wanda IBM ta fitar a 2017, ya yi babban sauyi da fitowar siga ta 1.0 a watan Fabrairun 2024. An cire umarnin execute da kusan kowane tsohon darasi yake amfani da shi, makwaikwayin Aer kuma, wato manhajar da take kwaikwayon na'urar kwantam a kwamfutar yau da kullum, sai an girka shi daban a matsayin qiskit-aer. Intanet cike take da bidiyo da rubuce-rubucen da aka yi kafin wannan sauyi, ɗalibi zai kwafo layi biyar masu kyan gani ya ga jan rubutu ya cika masa allo, ya ɗauka shi ne bai gane ba. Saboda haka, Malam, ka duba takardar gasar ka ga wace manhaja da wace siga za a yi amfani da ita, domin wasu gasannin PennyLane na kamfanin Xanadu suke so, wasu Cirq na Google. Ka rubuta lambar sigar a fayil guda, kowa ya girka ita kaɗai a keɓaɓɓen muhallin Python, sannan ka sauke fakitocin gaba ɗaya sau ɗaya ka zuba a filashi, don kada mutum goma sha biyu su ƙona data a kan abu ɗaya.

Tarko na biyu ƙarami ne amma yana da ban haushi. Qiskit yana rubuta kiyubit na farko a hannun dama. Idan kana da kiyubit biyu ka juya na farkon da ƙofar X, zai buga maka 01, alhali yawancin littattafai za su rubuta 10, haka ma Cirq da PennyLane. Ka sa su gamu da wannan a mako na biyu a gabanka, kada su gamu da shi da ƙarfe uku na dare suna zargin dabararsu.

Game da ƙarfin kwamfutocinsu, kada ka damu. Makwaikwayi yana riƙe lambobi 2 sau 2 har adadin kiyubit, kowace lamba bayit 16. Kiyubit 20 megabayit 16 ne kacal, 25 rabin gigabayit, 28 gigabayit 4, 30 kuma gigabayit 16. Ka sa su lissafa wannan da kansu, domin darasi ne guda a kan dalilin da ya sa ake son na'urar kwantam tun farko, kuma zai hana wani mai zumuɗi rubuta 35 ya daskarar da kwamfutarsa. Duk abin da mai farawa zai yi a hakaton yana ƙasa da kiyubit 15.

Na'urar gaske kuwa, su taɓa ta sau ɗaya ko biyu kafin gasa, ba don su dogara da ita ba. Tun watan Mayun 2016 IBM ta buɗe na'ura mai kiyubit biyar ga kowa ta intanet, kuma har yanzu akwai tsarin kyauta, sai dai lokacin aikin da ake bayarwa ƙanƙani ne, kuma akwai layi. Su gina halin Bell, wato H sannan CNOT, su maimaita awo sau dubu. A makwaikwayi 00 da 11 kawai za su gani, kusan rabi da rabi. A na'urar gaske za su ga 'yan 01 da 10 sun leƙo, waɗanda lissafi ya ce bai kamata su kasance ba. Daga wannan hoto guda za ka yi musu bayanin kuskuren ƙofofi da na awo, da dalilin da ya sa dogon jerin ƙofofi yake lalacewa, da kuma cewa ba kowane kiyubit ne yake haɗe da kowanne ba, har wani lokaci sai an yi musanyar halin kiyubit biyu, wadda ita kaɗai tana cin CNOT uku. Wannan zamanin na ƙananan na'urori masu kuskure shi ne John Preskill ya laƙaba wa suna NISQ a 2018, kuma za su ji kalmar a bakin alƙalai.

A mako na biyar, ka yi musu gasar gwaji ta awa shida, da Git, manhajar adana sauye-sauyen aikin ƙungiya, da agogo, da gabatarwa ta minti uku. Ka kashe intanet na awa ɗaya a tsakiya da gangan.

Ɗalibar digiri na biyu ta amsa:

Malam, Allah ya ƙara basira. Ni ba malama ba ce, amma na shiga irin wannan gasa sau biyu, na farko mun sha kashi, kuma ina ganin labarin kashin zai fi amfanar ɗalibanka.

Mun zaɓi matsalar rarraba kaya a tsakanin shaguna, muka mayar da ita matsalar yanka zane gida biyu, wato raba ɗigogin da layuka suka haɗa zuwa rukuni biyu, muka yi amfani da QAOA, dabarar da Farhi da Goldstone da Gutmann suka wallafa a 2014. Ita da wata dabara makamanciyarta mai suna VQE su ne suka fi yawan fitowa a gasanni, domin rabin aikin kwamfutar yau da kullum ce take yi, tana gyara kusurwoyin ƙofofi, na'urar kwantam kuma tana gudanar da gajeren jeri tana dawo da awo. Manhajarmu ta yi aiki a kan ɗigo shida, muka yi murna, muka rubuta a allon gabatarwa cewa hanyarmu ta fi ta gargajiya sauri. Alƙali na farko bai tambaye mu komai a kan kwantam ba. Cewa ya yi, ɗigo shida hanyoyin rabawa nawa ne? Muka ce 64. Ya ce, madaukin Python mai layi huɗu zai ɗauki tsawon wane lokaci ya gwada 64? Muka yi tsuru-tsuru. Ko ɗigo 20 ne, hanyoyin miliyan ɗaya da 'yan kai ne, wanda kwamfutar hannu za ta gama da su kafin shayi ya huce.

A karo na biyu mun fara da rubuta maganin gargajiya, muka san amsar gaskiya, sannan muka nuna kusancin da QAOA ta yi da ita a zurfi ɗaya da biyu da uku, wato yawan maimaita jerin ƙofofinta, da yadda ta lalace da muka saka kuskuren na'ura a makwaikwayi. Ba mu yi da'awar mun fi kowa ba, kuma a wannan karon alƙalan sun tsaya sun yi mana tambayoyi na gaske. Don haka ina roƙo ka ware zama ɗaya cur a kan yadda ake ɗaukar matsalar duniya a mayar da ita lissafin 0 da 1 mai farashin da ake son ragewa, domin a nan ne aka fi yin kuskure, kuma Python ne da tunani, ba kwantam ba.

Abu na ƙarshe, kada ƙungiya ta zama mutum huɗu masu gwaninta iri ɗaya. A samu mai riƙe lissafi, da mai riƙe manhaja da Git, da mai zana sakamako, da wanda zai yi magana, kuma mai maganar ya soma shirya gabatarwa tun ranar farko. Mu mun bar tamu sai saura minti arba'in.

Mai koyar da Python ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya na shiga aji na janye jumlar kamar yadda Baba ya ce, muka yi Hadamard sau biyu a allo, sannan muka buɗe Quirk bisa shawarar Injiniya. Kafin in danna, na sa kowa ya rubuta hasashensa a takarda ya kife. Takwas sun rubuta rabi da rabi duk da lissafin da ke gabansu a allo, huɗu sun rubuta 0. Da allon ya nuna 0 ɗari bisa ɗari, ɗalibar nan ta tashi ta zo ta saka awo a tsakanin ƙofofin biyu da hannunta, ta ga ya koma rabi da rabi, ta cire ya dawo 0, ta yi haka sau uku ba ta ce uffan ba.

Na duba takardar gasar, Qiskit ne, kuma na riga na zuba fakitocin a filashi biyu. Saura tambaya ɗaya ga Baba: QAOA tana amfani da ƙofofin juyawa masu ɗauke da i, to a wane mako zan shigo da waɗannan lambobi ba tare da na tarwatsa abin da muka gina ba?

Tsohon malamin lissafi ya amsa:

A farkon mako na huɗu, Malam, bayan sun gama Grover, kuma zama ɗaya ya isa. Sun riga sun san alamar ragi tana juya lamba ta fuskanci baya, wato rabin zagaye. Ka ce musu i rubu'in zagaye ne, shi ya sa idan aka yi shi sau biyu ake samun −1, sannan ka nuna musu ƙofar S, wadda yin ta sau biyu yake ba da Z, da ƙofar T, wadda yin ta sau biyu yake ba da S. Daga nan ƙofar RZ ba wani sabon abu ba ce, juyawa ce da kowace kusurwa aka ga dama. Ka sa su saka RZ a tsakanin Hadamard biyun nan da suka riga suka sani, su riƙa sauya kusurwar daga 0 zuwa 180 da tazarar digiri 30, su zana yiwuwar samun 1 a kan takardar giraf. A digiri 90 za su sami rabi, a 180 za su sami 1 cikakke. Sai dai ka tuna musu cewa Qiskit da radiyan yake karɓar kusurwa, ba da digiri ba.